Yadda Ƙanin Mijina Ya Guntule Wutsiyar Lissafi

Ƙanin mijina bai taɓa jin an ambaci wata matsala a duniya ya bar ta ta wuce bai ce "ƙaramin aiki ne" ba. In famfo ya toshe, ƙaramin aiki ne. In aka nuna gada ta karye a talabijin, ƙaramin aiki ne, laifinsu ne da ba su kira shi ba. Tun ana faɗa a bayan idonsa har sunan ya bi shi, yanzu ko uwarsu in ta aiko da gaisuwa sai ta ce a gaishe mata da Ƙaramin-Aiki. Ya taɓa gyara mini dutsen guga, tun daga ranar in na jona shi sai wutar maƙwabta ta ɗauke. Duk unguwa an gama gane shi, ban da mutum ɗaya, wato mijina. Shi ko yaushe ka taɓa ƙanin nan nasa sai ya ce, "Ku bar shi, yana da ƙwaƙwalwa."

Mijina kafinta ne, shagonsa na jikin gidanmu, ƙofa ɗaya ta raba tsakar gida da wurin aikinsa. Tun kafin a kawo ni gidan mutane ke faɗar abu guda a kansa, cewa kujerarsa ba ta rawa. Da ciwon baya ya fara cinsa, likita ya hana shi dogon jan zarto, sai ya sayi wani injin yankan katako na gwanjo. Injin ya zo da kwamfutarsa, wata tsohuwa mai ƙatuwar ƙeya da duk ta dafe. Ka gaya mata tsawo da faɗi, ita ta gaya wa injin, injin ya yanka. Shekara da shekaru suna zaman lafiya.

Sai makarantar da yaranmu ke zuwa ta tashi neman wanda zai yi mata tebura da kujerun azuzuwa gaba ɗaya. Mutum biyu ke nema, mijina da wani kamfanin kujerun roba. Hedimasta ya ce kowa ya kawo samfurin kujerunsa, 'yan kwamiti su zauna a kai su yanke shawara. Ba sai na ɓoye ba, kasuwar katako ta mutu a wajenmu, kowa ya koma roba. In aikin nan ya kuɓuce mana, rufe shago za mu yi. To a cikin makon ne tsohuwar kwamfutar ta yi wani irin tari, ta saki hayaƙi mai warin ƙonannen gashi, ta ce ga garinku nan.

Mai gyara ya zo ya buɗe cikinta, ya girgiza kai. Ya ce ƙwaƙwalwarta, wato ɗan guntun abin da ke yin lissafin, an daina ƙera irinta tuntuni, manhajar injin kuma ba ta jin maganar kowace ƙwaƙwalwa sai wannan. Mijina ya zauna a bakin shago ya zabga tagumi. Yana zaune sai ga Ƙaramin-Aiki da laftof ɗinsa a hammata, kai ka ce aiko shi aka yi.

"Yaya, wannan ne ya sa ka tagumi? Ai wannan..."

"Kada ka faɗa," in ji ni.

"Ƙaramin aiki ne, Anti." Ya ja benci ya zauna ba wanda ya ce masa bisimilla. "Laftof ɗina zai yi kwaikwayon marigayiyar. Zan rubuta masa manhaja da za ta sa ya riƙa lissafi irin nata, yana ba da amsa irin tata. Injin ba zai taɓa gane an sauya masa uwar ɗaki ba."

Maƙwabcinmu mai walda ya leƙo, gilashin aikinsa a goshi. "Injiniya, in abin zai fashe ka faɗa mana da wuri. Ina da tukunyar gas a shago."

"Jahilci ne ke damun unguwar nan," in ji Ƙaramin-Aiki.

Ya tare a shagon yana danne-danne, ni kuma ina ta kai masa abinci kamar mai jego. Daga baya mai gyara ya gaya mini mafi yawan manhajar a intanet ya kwaso ta, ya goge sunan masu ita ya ɗora nasa. Amma abin haushi, ranar gwaji injin ya tashi. Ya yanka ɗan benci tsaf, ƙafafu huɗu kai ɗaya. Mijina ya yi ta shafa bencin yana kallona, ni kuma na yi kamar ina neman wani abu a ƙasa.

Matsala ɗaya, injin ya koma tafiyar tsofaffi. Wuƙar ta matsa kaɗan, ta tsaya ta yi tunani, ta sake matsawa. Da an bar shi haka zai gama mana kujerun a kan lokaci, ba wanda ya yi ƙorafi. Mai walda ne kawai ya tsaya a ƙofa yana hamma.

"Injiniya, kafin ya gama ƙafa ɗaya ai katakon ya sake toho."

Wannan magana ta tsaya wa Ƙaramin-Aiki a wuya. Washegari ya tara mu gaban laftof, ya nuna mana wata lamba a allo, sifili da ɗigo, sai uku, uku, uku, suna ta bin juna har ƙarshen layi.

"Kun ga wannan? Kashi ɗaya cikin uku ke nan. In ka rubuta shi haka, wutsiyarsa ba ta ƙarewa, dole kowace kwamfuta ta yanke ta a wani wuri. Ita marigayiya sai ta ja wutsiyar ta yi nisa kafin ta yanke, kuma in ragowar ta kusa cika sai ta cike ta. Laftof ɗina ba haka ya saba ba, shi ya sa yake wahala wajen kwaikwayonta. Duk ɓata lokaci ne. Guntule wutsiyar zan yi."

"Ba za ta yi komai ba?" in ji mijina.

"Yaya, abin da zan zubar bai kai kaurin gashin Anti ba, ko da an raba gashin gida dubu."

"Ka fitar da gashina daga lissafinka," na ce.

Ya danna ya guntule. Injin ya zabura ya kama gudu, garin katako na tashi har tsakar gida, har kan shanyata. Ƙaramin-Aiki ya tsaya hannu a ƙugu yana kallon mai walda, ya kafa doka cewa kada wanda ya kuskura ya kashe injin, don ba ya son gudun ya huce. Abin da bai gaya mana ba, don shi ma bai kawo shi a ransa ba, shi ne injin nan ba ido gare shi ba. Ba ya ganin katako. Ƙirga takunsa yake yi, yana ɗora kowane ɗan taku a kan na baya don ya san inda ya kai. Kowane taku kuma yanzu ana zubar masa da ɗan guntu, kuma takun nan ba ya ƙirguwa.

Ni na fara ganin sakamako. Na roƙa a yanka mini murfin duron ruwa, abu zagayayye, ba wata fasaha. Wuƙar ta tashi daga wuri ɗaya, ta zagayo, da ta dawo sai ta kasa samun inda ta fara. Ta wuce ta ciki da kamar faɗin yatsa, ta bar wa murfin wani ɗan leɓe a gefe.

"Wannan fa?" na ce.

"Mariƙi ne."

"Na ce maka ina son mariƙi?"

"Anti, manhaja ta zamani tana hango abin da mutum ke buƙata tun bai faɗa ba."

"To ta hango cewa ƙadangare zai shiga ta nan?"

Sai na ga ya koma gaban laftof yana cizon leɓe. Dabarar da ya ɓullo da ita ita ce, tunda ana zubar da kaɗan a kowane taku, bari ya riƙa ƙara kaɗan a kowane taku. Nawa zai ƙara? Ya dubi rufin shago ya zaɓi lambar da ta yi masa kyau. Ya kira Yayansa da mai walda su zo su ga gyara.

Wuƙar ta shiga katako da gudu, ta kai inda ya kamata ta tsaya, ba ta tsaya ba. Ta ci gaba ta cinye gefen teburin aikin, ta tarar da ƙarfen da ke riƙe katako, ta yi wata ƙara da ta sa kajina suka haye katanga. Wani gungume ya yi tsalle ya sauka a kan idon sawun mijina. Mai walda kuwa tuni ya sauke gilashinsa a fuska ya kwanta bayan buhunan garin katako.

Kafin azahar ƙafar ta yi suntum. Ina ɗaure masa ita ina zuba faɗa, shi kuma yana cije baki yana cewa, "Katakon ne yake da ƙulli. Ba laifin yaron ba ne."

"Yaron da ya fara furfura?"

"Ki dai ɗaure a hankali."

Da mijina ya kwanta, kujerun samfuri suka faɗa hannun Ƙaramin-Aiki. Ya cire ƙarin da ya yi, wannan karon kam ya ji tsoro. Na ce masa ya mayar da wutsiyar yadda take tun farko, injin ya yi tafiyarsa a hankali.

"In mayar, mai walda ya samu abin faɗa? Anti, zagayayyen abu ne ke da rigima. Ƙafar kujera miƙaƙƙiya ce, ba ta da inda za ta ɓace."

Tun safe ya jera katako, injin na yanka ƙafafu ɗaya bayan ɗaya ba hutu, shi kuma yana wurga su kusurwa suna taruwa a cakuɗe. Da yamma ya riƙa zaro huɗu-huɗu yadda hannunsa ya kai, yana bugawa. Daɓen shagonmu ƙasa ce, garin katako kuma ya taru a kai har yana nutsar da sawu. Mijina ya dogaro sanda ya fito, ya zauna a kan kujera ɗaya, ya jijjiga jikinsa hagu da dama. Ƙafafun suka nutse cikin garin suka zauna daram.

"Kin gani?" ya ce da ni. "Na ce miki yana da ƙwaƙwalwa."

Har kunya ta kama ni. Ranar na ƙara wa Ƙaramin-Aiki nama a kwano.

Ranar taro muka loda kujerun a kura, na bi su da tsumma don in goge ƙura. Ɗakin taron makarantar daɓen siminti ne, sumul, har kana ganin fuskarka. Wakilin kamfanin roba ya riga mu zuwa, ya sha laktaye, ya jera fararen kujerunsa. 'Yan kwamiti suka zauna a kansu, ba abin da suka ce sai dai suna sa gumi. Sannan aka ce a kawo namu.

Tun da na ajiye ta farko na ji wani ɗan sauti, ƙwas, ƙwas. Na ɗora yatsa a kanta, ta gaishe ni. Na ajiye ta biyu, ita ma ta gaishe ni, amma ta wani gefen.

Hedimasta ya zauna, kujerarsa ta tura shi gaba kamar mai neman gafara. Ma'ajin kwamiti, wani ƙaton mutum mai tumbi, ya zauna, tasa ta kwantar da shi hagu har kafaɗarsa ta sauka a kan Hedimasta. Wata tsohuwa mai wakiltar iyaye ta zauna ta yi baya, ta yi gaba, ta sake yin baya, ta ce a kawo mata ruwa kanta na juyawa. Ɗalibai suka fara taruwa a tagogi.

"Daɓen ne ba daidai ba," in ji Ƙaramin-Aiki.

Wakilin kamfani ya miƙe. Ya ɗauko kujerar roba ɗaya ya ajiye a daidai wurin, ta tsaya cak. Ya koma ya zauna ya harɗe ƙafa.

Ƙaramin-Aiki ya shiga rarrafe a ƙarƙashin manyan mutane yana cusa abin da ya samu. Ya ninke takarda ya tura ƙarƙashin ta Hedimasta, ya sa kwalin alli a ta tsohuwa, ya cire takalminsa ɗaya ya danna a ta Ma'aji. In ya tokare wannan ƙafa sai waccan ta ɗaga.

"Ranka ya daɗe, sabon salo ne," ya ce daga ƙarƙashin tebur. "Tana hana ɗalibi barci a aji."

"Tana hana shi zama dai," in ji Hedimasta.

Ma'aji ya miƙa hannu zai ɗauki kofin ruwa. Takalmin ya sulluɓe, kujerar ta tafi da shi, shi kuma ya tafi da mayafin tebur da kofuna da tabaran Hedimasta. Ƙasa ta amsa. Yaran da ke taga suka kwashe da dariya har wani malami ya fita da bulala.

Da ɗakin ya yi tsit, Hedimasta ya laluba tabaransa ya saka, ya dubi mijina. Ba faɗa a muryarsa, kuma wannan ya fi ciwo.

"Malam Kafinta, tun ina ƙaramin malami nake zama a kan kujerarka, ban taɓa jin ta motsa ba. Me ya faru?"

Na ga mijina ya waiwaya. Ƙaramin-Aiki ya raɓe a bayan ƙofa da takalmi ƙafa ɗaya, ya ƙanƙance, ko ɗaga kai ba ya iyawa. Mijina ya daɗe yana kallonsa, sannan ya dogara sandarsa ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, laifina ne. Ni na yi awon. Ido ya tsufa, hannu kuma ya fara rawa."

Wallahi sai da hawaye ya cika mini ido. Mutumin nan ba shi da gona, ba shi da mota, sunan nan kaɗai ya tara a rayuwarsa, ga shi ya ɗauke shi ya ajiye a ƙasa gaban yara. Na buɗe baki zan yi magana, ya yi mini wani kallo, na haɗiye. Wakilin kamfani ya fara zaro biro daga aljihu.

"Tsufa ba laifi ba ne," in ji Hedimasta a hankali.

Ma'aji, da har yanzu yana zaune a ƙasa yana matse rigarsa, ya ce, "Ni dama na san inji ba zai yi wannan shirmen ba. Wannan kuskuren hannu ne. Kowane tsoho mai makyarkyata zai iya yin irinsa."

Sai na ji motsi a bayan ƙofa.

"Kowa zai iya?" Ƙaramin-Aiki ya fito yana ɗingishi da takalminsa ɗaya. "A'a, ranka ya daɗe. A nan kam ba zan yi shiru ba."

"Zauna," in ji mijina.

"A kan me zan zauna, Yaya?"

Ya kifa kujerar Ma'aji, ya sa takalmin da ya rage ya buge ƙafafunta suka fita. Ya tashi tsohuwa, ya tashi Hedimasta, ya bi kujerun ɗaya bayan ɗaya yana kwance su. Ya kwashi ƙafafun ya kai jikin bango, ya riƙa gwada su yana jerawa daga doguwa zuwa gajeriya. Da ya gama ya ja da baya. Kawunansu sun yi wata gangara sumul, kamar an ja zare an daidaita.

"Ku duba da kyau. Kowace ta gaza 'yar'uwarta da abu ɗaya, ba ƙari ba ragi. Wane hannu ne zai yi kuskure a tsare haka? Yaya ko shekara zai yi yana ƙoƙari ba zai iya ba. Shi bai ma iya kuskure ba, bai taɓa koya ba." Ya ɗauki alli ya nufi allo, ƙirji a gaba. Ya rubuta sifili da ɗigo da jerin uku, ya ja layi ya datse su. "Manhajata ce. Ni na guntule wutsiyar lissafi don injin ya yi gudu. Kowane taku yana zubar da ɗan abin da ido ba ya gani, abin yana taruwa tun safe har yamma, don ban bari an kashe injin ba. Ga shi nan a bango. Yaya ko taɓa katakon bai yi ba, yana kwance da kumburarriyar ƙafa, wadda ita ma, in za a bi gaskiya, aikina ce."

Ya ajiye allin ya karkaɗe hannu, yana duban jama'a ko za a tafa.

Hedimasta ya dubi bango, ya dubi allo, ya juyo ga mijina. "To me ya sa ka ce kai ne?"

"Ƙanina ne, ranka ya daɗe. Ni na raine shi."

Hedimasta ya cire tabarau ya goge ido, ban sani ba ko dariya ce ta kawo ruwan ko wani abu. Ya ce wa wakilin kamfani ya mayar da bironsa tukuna. Ya ce mijina ya kawo wasu kujerun a zama na gaba, in sun tsaya aikin nasa ne. Ma'aji ya ƙara da cewa a rubuta a sharaɗi, kada ƙanin ya kusanci injin, kada ma ya bi ta layin makarantar.

Mai gyara ya zo ya mayar da manhajar yadda masu ita suka rubuta ta, da wutsiyarta cikakkiya. Injin ya koma tafiyarsa ta tsofaffi, na share shagon har sai da ƙasa ta fito, mijina ya gwada kowace kujera a kan faifan gilashi. Suka tsaya, muka samu aikin.

Ranar da aka kawo katakon farko ina tsakar gida na jiyo murya a shagon mai walda. Ƙaramin-Aiki ne, ya tara masu jiran gyara yana ba su labari.

"Da ban buɗe baki ba a wurin nan, da yanzu Yaya ya rufe shago. Kowa ya yi shiru, har Anti mai bakin nan. Ni kaɗai na tashi. Ni na ceci sunan gidanmu."

Na yar da tsintsiya, na ɗaura mayafi, na fito da niyyar in wanke shi tas gaban mutane. Na tsaya a bakin ƙofa ina juya maganar tasa ina neman inda ƙaryar take, in kama shi da ita. Na juya ta gaba, na juya ta baya, ban samu ba. Tun da na san mutumin nan, ranar ce ya fara cika baki da gaskiya, kuma ban taɓa jin haushinsa kamar na ranar ba.